Kwamanda da Jarkokin Bakin Famfo

Rediyo ce ta jawo mana. Ina tsugune ina wanke kwanuka, mijina yana kwance a tabarma yana sosa ciki, sai mai karanta labarai ya ce gwamnatin jiha ta ware maƙudan kuɗi don agajin gaggawa da yaƙi da wutar daji. Ya ce duk unguwar da ke bakin daji, in tana da ƙungiyar 'yan sa-kai, za a turo jami'i ya duba ta. In ta yi masa, a ba ta kayan aiki har da babur mai ƙafa uku, shugabanta kuma a yanka masa alawus.

Mijina ya tashi zaune kamar an tsikare shi da allura.

"Amarya, kin ji? Ni ake nema."

Na ce, "Sunanka suka faɗa?"

"Sai sun faɗa? Duk unguwar nan wa ya san wuta kamar ni? Na yi aiki da 'yan kwana-kwana fa."

Gaskiya ne, ya yi aiki da su. Kafin aurenmu yana wankin mota a gefen ofishinsu, kuma an taɓa ba shi jar motar ya wanke mata tayoyi. Ban tuna masa ba. Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma in mijina ya hau bayani, ko mai yawan maganar ma ba ya samun wurin soka tasa.

Abin da ya dame ni ɗakinmu ne. Baba Dogo, mai gidan da muke haya, ya riga ya yi mana kashedin ƙarshe. Laifin farko, mijina ya haƙa ramin kiwon kifi a tsakar gida, kifi bai zo ba, akuyar Baba ta faɗa ciki. Na biyu, ya gyara wa gidan lantarki kyauta, aka koma duk wanda ya taɓa ƙofar banɗaki sai ya yi rawa. Ranar Baba ya tsaya a ƙofarmu ya ce, "Yaro, saura ɗaya. In ka ƙara, ku kwashe komatsanku." Ni kuwa cikina ya fara nauyi, kuma duk ɗakunan da muka taɓa zama, wannan ne kaɗai ba a jera masa kwanuka in ana ruwan sama. A nan nake so in haihu.

Na ce, "Maigida, ka dai tuna da maganar Baba."

"Baba? In babur ya zo, Baba ne zai riƙa roƙona in rage masa hanya. Kuma daga yau a daina ce min Maigida. Kwamanda."

Washegari ya kafa ƙungiya a kan bencin da ke gaban shagon Mai Aski. Mutum uku ya samu: Mai Aski, da Tela, da Mai Faci. Mai Aski ya zama mataimakin kwamanda, Tela ya zama daraktan kayan aiki, Mai Faci ya zama direba. Babu wanda ya yarda ya zama mamba kawai. Kafin azahar Tela da Mai Faci sun cakumi kwalar juna a kan wanda zai riƙa kwana da babur ɗin a gidansa, babur ɗin da ko ƙararsa ba a ji ba.

Da na dawo daga awo, na tarar babu jan labulen ƙofata. Da yamma na gan shi a jikin maza huɗu, an yanka shi riguna marasa hannu, furannin ƙasan labulen sun faɗo daidai tumbin Mai Aski. Kwamanda ya samo tsohuwar hular kwano ta masu babur ya shafe ta da jan fenti. Bai jira ta bushe ba, aka kwana biyu goshinsa kamar an sare shi. Ya sayi usur. Ya aro dogon tiyo a wurin wankin mota, ya naɗe shi a kafaɗa, yana zagaya unguwa da shi yana duba ciyawa yana girgiza kai.

Maman Biyu, maƙwabciyarmu da muke tsakar gida ɗaya, ita ce ba ta raga masa.

"Kwamanda, an tashi lafiya? Yaya rundunar labule?"

"Yi dariyarki. Ranar da wuta ta taso, ni za ki kira."

"Ranar da wuta ta taso, kai zan fara tambaya inda kake lokacin da ta tashi."

"Jahilci ne ke damunki. Kin san wuta kala nawa ce?"

"Na san wadda nake dafa abinci da ita. Kai ko ruwan zafi ka taɓa ɗorawa?"

Ya busa mata usur ya wuce.

Atisayensu na farko na ceton mutum daga sama ne. Suka aro tsani wurin kafinta, Mai Aski ya bar wani mutum a kujera da rabin aski, ya ce minti ɗaya, ya hau rufin shagonsa ya zama wanda wuta ta ritsa da shi. Kwamanda ya tsaya a ƙasa yana yi wa masu kallo bayanin yadda ake jingina tsani a kimiyyance. Yana cikin bayani kafinta ya zo ya ɗauke tsaninsa, ya ce yana da aiki. Rana ta take, kwanon rufi ya ɗauki zafi, Mai Aski ya fara ɗaga ƙafa ɗaya yana sauke ɗaya.

"Kwamanda, ceton fa?"

"Ka natsu. Abu na farko a gobara, natsuwa."

"Kai ka hawo ka natsu!"

Mai rabin aski ya fito da tsumma a wuya yana tambayar ko haka zai je ofis. A ƙarshe suka ɗauko bargona, mutum uku suka kama gefe, aka ce Mai Aski ya diro. Yana dirowa wayar Tela ta yi ƙara, Tela ya saki gefensa ya laluba aljihu. Mai Aski ya yi sati yana aski a zaune, a kan matashi.

Kwamanda ya dawo gida ya ce an samu gagarumar nasara, tun da mutumin ya sauko.

Sai labari ya zo cewa jami'in gwamnati zai iso unguwarmu ranar Laraba. Ina zuba masa abincin rana ya ce in zauna, zai gaya min sirri.

"Kowace unguwa riguna za ta nuna masa da usur. Ni wuta zan nuna masa. In kunna, in kashe, ya tafa, ya miƙo makulli."

Na ajiye cokali. Na ce, "A ina?"

"Filin bayan gida, kusa da famfo."

Filin bayan gida busasshiyar ciyawa ce har gwiwa, daga katangarmu zuwa titi. A jikin katangar Baba Dogo ya jingina katakan da yake tarawa don rufe sababbin ɗakunansa. Kullum da safe sai ya je ya shafa su kamar jikokinsa.

Na ce, "Da wane ruwa za a kashe?"

"Haba Amarya, sai ka ce ba ke ke zuwa famfo ba. Kullum na wuce ina ganin jarkoki reras, daga bakin famfo har gindin bishiya. Ruwan da ke wurin nan ya isa ya kashe gobarar kasuwa."

To ga yadda abin yake. Famfonmu ba kullum yake kawo ruwa ba, da rani ma sai ya ga dama. Don haka kowace mace takan kai jarkarta layi ta kama wuri, ta ɗaura mata tsumma a hannu don alama, ta koma aikinta. Ranar da ruwa ya zo, sai a bi layi yadda jarkoki suka jeru, kuma wadda ta matsar da ta wata, ranar unguwa ba ta zama lafiya. Jarkar da ke layi babu komai cikinta sai iska. In da ruwa a ciki, me za ta zauna yi a rana? Mijina kuwa tun da aka haife shi a bokiti yake samun ruwa, a ƙofar banɗaki, an sirka masa.

Na tattara ƙarfin halina na ce, "Kwamanda, babu ruwa a cikinsu. Layi suke bi."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Layi? Jarka? Wane mahaukaci ne zai jera jarka babu ruwa ya tafi gida?"

"Mu ne."

"Ke dai ciki ya sa ki tsoro."

"Je ka ɗaga ɗaya ka gani."

"Kwamanda ba ya ɗaga jarka. Don me aka yi mataimaki?"

Na gaya wa Maman Biyu. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce in bar shi, mutumin da bai san inda ashana take kama ba. Na yi tunanin gaya wa Baba Dogo, sai na ga in Baba ya ji, ba sai an kunna wutar ba ma za mu kwashe komatsai. Don haka na ɓoye ashanar gida cikin buhun shinkafa, na cika bokitaina biyu daga duro na ajiye bayan ƙofa. Iyakar abin da na iya ke nan. Na manta Mai Faci yana shan taba.

Ranar Laraba Baba Dogo ya shiga gari tun da hantsi. Bayan azahar wata farar mota ta tsaya a bakin titi, wani mutum mai ƙiba ya fito yana share gumi da hankici. Da ganinsa unguwanni da yawa ya zaga, ya gaji da usur. Mata muka tsaya a inuwar katanga, maza suka yi da'ira. Rundunar labule ta ƙame, Mai Aski ya ɗan karkace saboda ƙugunsa.

Jami'in ya ce, "Ku nawa ne?"

"Huɗu, yallaɓai, amma kowane ɗaya goma ne."

"Kayan aiki?"

Kwamanda ya warware tiyo a gabansa.

"A ina ake haɗa shi?"

"Shi ne abin da muke jira gwamnati ta kawo."

Jami'in ya gyaɗa kai, ya juya zai koma mota. Kwamanda ya sha gabansa. "Yallaɓai, ai ba ka ga aiki ba tukuna. Direba, kawo!" Mai Faci ya miƙa masa abin kunna taba. Kafin kowa ya gane, Kwamanda ya tsuguna ya cinna wa ciyawa.

"Kai! Wa ya ce ka kunna wuta?"

"Kwantar da hankalinka, yallaɓai. Ta gwaji ce."

"Kashe ta!"

"Bari ta ɗan girma, kada a ce mun ci zalinta."

Ta kuwa ji maganarsa. Iska ta taso daga wajen titi, wutar da take kamar faranti ta zama kamar tabarma, ta zama kamar ɗaki. Kwamanda ya gyara hula, ya busa usur sau uku.

"Mataimaki, ruwa!"

Mai Aski ya ruga layi yana ɗingishi. Ya ware ƙafafu, ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama jarkoki biyu, ya fizga da dukan ƙarfinsa. Jarkokin suka yi sama, shi ya yi baya, ya zauna daidai kan ƙugun da bai warke ba.

"Kwamanda, babu komai ciki!"

"Ka ɗauki marasa kyau ne! Gwada na gaba!"

Tela ya ɗaga ta gaba ya girgiza. Ya jefar. Ya ɗaga ta gabanta. Ya jefar. Haka suka bi layin nan shi da Mai Aski, suna ɗagawa suna jifa, jarkoki suna ta gangarawa cikin ciyawa. Mai Faci kuwa ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya saita bakin tiyo a kan wuta, ya runtse ido ɗaya, ɗaya bakin tiyon yana kwance a ƙasa kusa da takalmin jami'i.

Ihun da mata suka fara yi ba na wuta ba ne.

Maman Biyu ta ce, "Tawa ce ta biyu a layi! Ta biyu! Kun san tun yaushe nake gadin wurin nan?"

Wata ta ce, "Ƙarya kike, tawa ce ta biyu!"

"To yanzu je ki nuna min!"

Kwamanda ya ruga ya murɗa famfo. Famfo ya yi tari, ya yi atishawa, ya yi shiru. Ya doke shi da hula. Ya juyo yana kallona kamar ni na shanye ruwan.

"Amarya, me ya sa ba ki gaya min ba?"

Na sunkuyar da kai. Mutane suna kallo.

Sai ya tuɓe rigarsa ya shiga dukan wuta da ita. Labulena na roba-roba ne, shi ya sa na same shi da araha. Dukan farko ya kama. Kwamanda ya juya shi a sama yana tsalle, ya ga zai cinye masa hannu, ya wurga shi iyakar ƙarfinsa. Duk faɗin filin nan, rigar ba ta ga wurin sauka ba sai kan katakan Baba Dogo.

Daga nan kowa ya kama gabansa. Jami'i ya manna waya a kunne yana ihu a turo mota. Direbansa ya ja farar motar baya har ya taka tiyo. Jarkoki suka fara narkewa, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wari ya cika unguwa. Tela ya ce zai je ya rufe shago ya dawo, ba a sake ganinsa ba. Mata suka bar faɗan layi suka shige gidaje, kowacce ta fito da ɗan ruwan da take tattali, wasu da jiƙaƙƙun buhuna, wasu suna ɗibar ƙasa da faranti. Na ɗauko bokitina, Maman Biyu ta fizge ta ce, "Koma gefe da cikin nan, mahaukaci ɗaya ya ishe mu." Kwamanda yana tsakiya babu riga, yana busa usur yana nuna wa mata inda wutar take.

An hana ta tsallaka katanga. Sauran kuwa ta cinye abinta tas, ta isa bakin titi, ta ga babu saura, ta mutu don kanta.

Ana cikin tari da share hawaye muka ji jiniya. Jar mota ta shigo da gudu ta ci burki, direban ya diro ya dubi jama'a.

"Ina famfonku? Mu ɗan cika tanki."

Jami'i ya rufe fuska da hankici.

Maman Biyu ta matso, zaninta duk toka. "Yallaɓai, kuɗin nan da rediyo ta ce an ware, a ina aka ware su?"

"Suna bin matakai, baiwar Allah."

"To in sun iso, a gaishe su."

Kwamanda ya zo ya ƙame gaban jami'i. Girarsa ɗaya ta tafi, gashin ƙirjinsa yana hayaƙi.

"Yallaɓai, ka dai ga yadda muka shawo kanta. Maganar babur fa?"

"Zan kai rahoto cewa unguwar nan tana cikin babban haɗari."

Kwamanda ya juyo ga jama'a. "Kun ji ko? Me na ce muku?"

"Kuma zan faɗi sunan haɗarin." Jami'in ya shiga mota, ya ɗage gilashi.

Mata suka yi wa Kwamanda zobe, kowa riƙe da narkakkiyar roba. Maman Biyu ta ce kowace jarka sai ya biya, kuma kafin ya biya, shi zai riƙa tsaya musu a layin famfo. Wata ta ce ai mutum ɗaya ba zai maye gurbin jarka ba. Maman Biyu ta ce wannan zai iya, shi ma ba komai ciki.

Dariyar ba ta gama sauka ba aka yi tsit. Baba Dogo ne ya sauko daga motar haya da leda a hannu. Ya taka a hankali har jikin katanga. Ya tsaya gaban tulin gawayin da ke hayaƙi. Ya sunkuya ya ɗauki wani guntu, ya ji zafi, ya saki.

"Wa?"

Ban taɓa ganin yatsu sun haɗa kai irin na ranar ba. Har Mai Aski, daga inda yake zaune a ƙasa, ya nuna.

Kwamanda ya gyara murya. "Baba, a fanninmu wannan shi ake kira share fili. Yanzu ko wutar daji ta zo, ba ta da abin ci. Gidanka ya tsira har baɗi. In da wani ne ma sai ka biya shi."

Baba ya dube shi daga ƙafa har girar da ta rage. "Kafin rana ta faɗi, in ga makullina."

Babu wanda ya ce a yi haƙuri. Ni ma da ni ce su, ba zan ce ba. Na ji yaron cikina ya motsa. Tun da na zo gidan nan, tsakanina da Baba gaisuwa ce, ita ma kaina a ƙasa. Ban san lokacin da na fito daga cikin mata na durƙusa a toka ba.

"Baba."

Ya juyo. Kowa ya juyo. Na ji kamar in nutse.

"Baba, in ka kore mu, wani za ka saka a ɗakin, wanda ba ka san irin nasa ba. Shi wannan ka ga ƙarshensa. Duba, ya gama. Babu sauran abin da zai ƙone. Kuma in ya bar unguwar nan, ban san inda za ka same shi ya biya katako ba. Ni ma da nake matarsa, sai ya ji yunwa nake ganinsa."

Baba ya ɗaga kai ya dubi filin. Baƙi ƙirin daga katanga har titi, ba ciyawa, ba jarka, ba katako. Ya daɗe yana kallo. Sai ya dube ni.

"Yarinya, ashe kina magana?"

"Kaɗan, Baba."

Ya ja dogon numfashi. "Tashi daga toka. Zauna ki haihu a ɗakinki, 'yata. Kai kuma, katakon nan ɗaya bayan ɗaya za ka mayar min, ina zaune ina kallonka. Ranar da na ga ko kyandir a hannunka, a bakin titi za ka kwana."

Kwamanda ya ɗaga yatsa, ya cika ƙirji da iska. "Baba, ai da ma a tsarin da na yi, mataki na biyu shi ne..."

Na ce, "Don Allah yi shiru."

Ya dube ni. Ya dubi Baba. Ya dubi matan da ke riƙe da narkakkun jarkoki.

Ya kuwa yi.